Yadda na koyi auna tafiyar ƙasar Bukavu da radar tauraron ɗan adam

Daren da ƙasa ta zaftare a unguwar Mbankolo cikin Yawunde, babban birnin Kamaru, wato watan Oktoban 2023, ban samu goggona a waya ba sai washegari wajen azahar. Ita ba a wannan unguwa take ba, a Briketeri take zaune inda Hausawa suka fi yawa, amma ka san yadda hankalin mutum yake in ya ji an ce tudu ya rufto kan gidaje a garin da yake da ɗan'uwa, gashi ana ta turo bidiyo a WhatsApp, mutane na tonon laka da hannu da shebur. Kusan mutum 30 aka rasa a wannan dare. Da na same ta tace lafiya lau suke, sai dai ta faɗi wata magana da ta tsaya min a rai, tace "ai kowa na ganin wajen nan ya san wata rana za a yi haka, ɗana, amma ina za su je?"

Lokacin ina shekarar farko ta digiri na biyu a fannin taswira da nazarin hotunan tauraron ɗan adam, kuma ban tsayar da abin da zan rubuta kundina a kai ba. Na samu malamin da ke duba ni a ofis nace Allah gafarta Malam ni fa zaftarewar ƙasa nake son yi, kuma da rada, wato na'urar tauraron ɗan adam mai harba igiyar rediyo ƙasa ta karɓi abin da ya dawo. Ya ɗan yi shiru sannan yace wacce iri? Domin iri biyu ce. Akwai wadda ke zuwa farat ɗaya cikin minti kaɗan, irin ta Mbankolo ko ta Firitawun a Saliyo ranar 14 ga Agustan 2017 wadda ta ci mutum sama da dubu, wannan tauraron da ke wucewa duk bayan kwana 12 da wuya ya yi maka gargaɗinta. Sai kuma wadda ke tafiya kamar hawainiya, tudu guda da gidaje da masallatai da coci-coci da makarantu a kansa yana silalowa 'yan santimita a wata, shekara da shekaru, ita ce rada ke iya bi. Yace kuma kada ka fara da wajen da babu wanda ya taɓa aunawa, in ka samu shirme ba za ka gane shirme ba ne, ka fara da inda aka riga aka san amsa. Ka je ka karanta kan Bukavu.

Bukavu na gabashin Kwango ne, babban birnin lardin Kivu ta Kudu, a bakin kudancin tafkin Kivu daidai inda kogin Ruzizi ke fita, in ka haye gada ka shiga Ruwanda. Tafkin kansa yana sama da teku da kusan mita 1,460, garin kuma ya hau tuddai daga nan, duk gangare ne na jar ƙasa. Damina na farawa wajen Satumba ta kai Mayu, rani wata uku ne kacal. A yankin Kadutu akwai unguwa mai suna Funu, ita ce ke zaune kan wata tsohuwar zaftarewa wadda ta girmi garin kansa, kuma mutum sama da 80,000 ne ke kwana suna tashi a kanta. Wasu masana ƙarƙashin Antoine Dille na gidan tarihin Afirka ta tsakiya da ke Tervuren a Beljiyam, tare da abokan aikinsu na Bukavu, sun fitar da bincike a mujallar Nature Geoscience a ƙarshen 2022, inda suka haɗa awon rada na shekara huɗu da rabi da tsofaffin hotunan jirgin sama na shekara 70. To wannan shi ne allon da zan kwaikwaya, ni dai burina in ga ko da laftof ɗina da hotunan kyauta zan iya ganin wannan tafiya da idona.

Bari in ɗan bayyana yadda abin yake aiki don sai da na kwashe kusan wata guda kafin ya zauna min a kai. Wanda ya taso yana kama rediyo a gajeren zango ya san ana cewa a kan mita 25 ko mita 31, wannan tsawon igiyar rediyon ake nufi. Tauraron Sentinel-1 na Turai shi ma igiyar rediyo yake harbowa ƙasa daga nisan kusan kilomita 700, sai dai tasa gajera ce sosai, santimita 5.6, tana ratsa gajimare, ba ruwanta da dare ko rana, wanda shi ne dalilin da ya sa take da amfani a garin da hadari ke rufe shi wata tara a shekara. Igiyar ta bugi rufin kwano ta koma, na'urar ta rubuta a wane gaɓa na lanƙwasarta ta dawo. Bayan kwana 12 tauraron ya sake biyo hanyarsa ya sake harbawa. In rufin nan ya matsa ko da kaurin yatsa, igiyar za ta dawo a wata gaɓa daban. Sai ka ɗebe na farko daga na biyu, ya ba ka hoto mai zobe-zoben launi kamar bakan gizo, kowane zagaye ɗaya na launi yana nufin santimita 2.8 na matsowa kusa da tauraron ko nesa da shi, rabin tsawon igiyar kenan tunda zuwa da dawowa take yi. Turawa na ce wa wannan dabara InSAR.

Hotunan kyauta ne, wannan gaskiya ne, kana buɗe asusu a shafin Copernicus ko na Alaska Satellite Facility ka zana akwati a kan Bukavu su jero maka. Amma kowane hoto ɗaya ɗanye yana kai gigabait 4 ko fiye, domin faɗin abin da yake ɗauka kilomita 250 ne, kai kuwa unguwa ɗaya kake nema. Na farko da na sauke kwana biyu na yi a kansa, ya kai kashi tamanin da wani abu wuta ta ɗauke, intanet ɗin sashenmu ya mutu, na dawo daga farko. Daga baya na koma sayen datar dare, in kunna saukewa ƙarfe goma sha biyu in kwanta kusa da laftof ɗin, in farka ƙarfe uku in duba, in sake farkawa da asuba. A haka na tara hoto shida cikin sati biyu.

Manhajar da na fara da ita SNAP ce, ta hukumar sararin samaniyar Turai, ita ma kyauta. Matakan suna da yawa amma in ka yi sau uku ka haddace: ka yanko yankin da kake so daga cikin hoton, ka ɗora masa bayanin ainihin hanyar da tauraron ya bi a ranar, ka daidaita hoto biyun ɗigo kan ɗigo, ka ɗebe, ka cire abin da tsayin tuddai ya jawo ta amfani da taswirar tsayin ƙasa, ka tace, sannan ka miƙa wa wata ƙaramar manhaja mai suna SNAPHU ta warware zoben. Laftof ɗina ram ɗinsa gigabait 8 ne, wajen daidaita hotuna sai ya yi zafi fanka na ihu, sai na ɗora shi kan murfin tukunya biyu don iska ta shiga ta ƙasa. Hoton farko ya ɗauki kusan yini.

Ranar da ya fito kuwa ban manta ba. Tafkin Kivu baƙi ƙirin, wannan daidai ne don ruwa ba ya riƙe sura. Duk tuddan da ke kewaye da garin, gonakin ayaba da dazuzzukan da ke hawa wajen gandun dajin Kahuzi-Biega, sun fito kamar tsakin gero da aka watsa, launi kan launi ba tsari. Amma tsakiyar hoton ga garin nan fes, har kana gane 'yan yatsun ƙasar nan da suka shiga cikin tafki. Dalili shi ne ganye na motsi yana girma, tsakanin kwana 12 ya riga ya sauya, igiya mai santimita 5.6 ba ta gane shi kuma. Kwano da siminti da dutse kuwa suna nan yadda aka bar su. Akwai ma'auni na wannan daga 0 zuwa 1, ni dai jituwa nake ce masa, in ya yi ƙasa sosai ɗigon ya tashi daga aiki. Wato dai a ƙasa mai yawan ruwa da ganye rada ba ta ganin tudu sai in mutane sun rufe shi da kwano. Na daɗe ina kallon hoton nan, domin kowane ɗigo mai kyau da nake murna da shi rufin gidan wasu ne.

Na ga launi ya sauya a gefen yammacin garin na ruga wajen Malam nace na gani, ga ta nan. Ya kalla ya tambaye ni hoto nawa ne wannan, nace guda biyu, yace to ka ga ruwan sama ne ba ƙasa ba. Tururin ruwan da ke cikin iska yana rage wa igiyar gudu, in ranar farko iska a bushe take ranar biyu kuma hadari ya haɗo daga tafki, sai ya yi kamar ƙasa ta matsa da santimita da dama alhali ko gezau ba ta yi ba, kuma a gari mai tuddai abin ya fi muni don iskar ƙasan kwari da ta saman tudu ba ɗaya ba ce. Yadda ake rarrabewa shi ne yawa. Hadari yau yana nan gobe yana can, ƙasa mai tafiya kuwa kullum waje ɗaya take, gefe ɗaya take nufa. Sai ka tara hotuna da yawa a jere sannan hayaniyar iska ta kashe kanta a bar maka tafiyar.

Da na yi lissafi, shekara ɗaya hoto 30 ne a hanya ɗaya, ina son shekara biyu, kuma hanya biyu, wato lokacin da tauraron ke hawa arewa da lokacin da yake saukowa kudu, 120 kenan, sau gigabait 4. Ba zai yiwu ba. A nan ne wani da muka haɗu a wani horo na intanet ya nuna min HyP3, wato tsarin da Alaska Satellite Facility suka yi inda kake zaɓar hotuna bibbiyu ka tura, kwamfutocinsu su yi aikin su ba ka sakamakon da aka riga aka warware, ƙarami, kuma suna ba da kason kyauta duk wata. Wannan mutumin ɗan Bukavu ne, ɗalibin ilimin ƙasa, Faransanci da Suwahili yake ji, Turancinsa kaɗan, nawa Faransancin ma kaɗan, haka muka riƙa lallaɓawa da saƙon murya da zane a takarda. Kaka yake ce min, ashe a Suwahili yaya ko ɗan'uwa namiji ake nufi, ni kuma nake ce masa ɗan'uwa har ya iya faɗa.

Sai da na sa Linux a laftof ɗin na koyi ɗan Python kafin MintPy ta yarda ta tashi, ita ce ke ɗaukar tarin hotunan ta fitar maka da tarihin kowane ɗigo, rana kaza yana nan, rana kaza ya matsa kaza. Wannan ɓangare ba zan daɗe a kai ba, sati uku ne na kuskure da gyara. Abu ɗaya dai da ya kamata duk mai son yi ya sani shi ne maganar turke. Rada ba ta ce maka wuri kaza ya matsa santimita kaza kai tsaye, sai dai ta ce ya matsa idan aka gwada shi da wani ɗigo da kai ka zaɓa ka ce wannan a tsaye yake. Na bar manhajar ta zaɓa da kanta, ta ɗauko wani ɗigo mai jituwa sosai a kan wani gangare, sai duk garin ya fito yana tafiya har da bakin tafki. Na tura wa ɗan'uwana hoton yace a'a kaka, inda ka kafa turken nan shi ma ba a zaune yake ba, ya nuna min wani waje mai shimfiɗa a tsohon gari wajen Ibanda, na mayar da turken can, nan take garin ya natsu, aka bar 'yan wurare masu launi, mafi girmansu a Kadutu.

Ranar na yi sujadar godiya, domin siffar da ta fito ta yi kama da wadda na gani a binciken can. Sai kuma na buɗe na hanya ta biyu na ga launin ya juye, inda yake ja ya koma shuɗi. Na ɗauka na ɓata wani abu, kwana biyu ina bin lambobi. Ashe daidai ne. Tauraron yana zagaya duniya ne ta kan ƙarshenta biyu na arewa da kudu, in yana hawa arewa wajen magariba yana kallon gabas, in yana saukowa kudu wajen asuba yana kallon yamma, kullum ta damansa yake leƙe a karkace. Ƙasar da ke silalowa gabas tana guje wa mai hawa, tana tunkarar mai sauka, dole alamar ta bambanta. Da a ce nutsewa kawai take yi da duka biyun sun nuna abu ɗaya. Da hanya biyun ne kake raba tafiyar gefe da ta nutsewa. Amma tafiyar kudu da arewa kusan ba ya ganinta sam, tunda shi ma ta nan yake bi, don haka in gangarenka arewa ya fuskanta kana iya samun taswira mai tsabta alhali gidaje na tsagewa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan duka. A cikin launin nan na Funu akwai wani yanki da ya fito fari fat, babu ɗigo ko ɗaya, manhajar ta zubar da su saboda jituwarsu ta yi ƙasa. Ni a raina nace ƙila itatuwa ne ko fili, kuma a rubutun farko da na kai wa Malam na sa masa launin toka na rubuta "babu bayani" na wuce. Har na fara lissafa matsakaicin gudun zaftarewar da sauran ɗigon da suka rage, ya fito 'yan santimita, adadi mai kwantar da hankali. Na tura wa ɗan'uwana taswirar don ya taya ni murna. Bai amsa ba sai bayan kwana uku, ya turo hotuna ba magana.

Hoton farko ƙofar wani gida ce na katako da rufin kwano. Ginshiƙin ƙofar ya karkace, an fere ƙasan ƙyauren da abin sassaƙa har sau da yawa, kana ganin sabon farin katako a kan tsohon da ya yi baƙi, a saman kuma an buɗe rata da hannun yaro zai shiga an cusa tsumma. Na biyu bututun ruwa ne na roba a saman ƙasa yana bin gefen wata matattakala da aka sassaƙa a jar laka, an ɗaure shi da tsinken tayar mashin a wuri uku, yana ta tsiyaya, ruwan na bin wata tsaga yana shigewa ƙasa, ga jarkoki rawaya an jera ana jiran layi. Na uku bango ne na bulo da ya rabu biyu, rabi ya yi gaba ya bar rabi. Sannan ya yi saƙon murya a hankali don in gane, yace kaka, wurin da ka sa toka ba itace ba ne, gidaje ne a cushe, nan ne ya fi ko'ina gudu. Yace matar gidan farko ta ce masa duk damina sai an kira kafinta ya rage ƙofar.

Jikina ya yi sanyi. Na koma na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Warware zobe kamar karanta agogo ne mai hannu ɗaya, in ka duba ka ga hannun ya matsa daga 12 zuwa 2 za ka ce awa biyu, amma in ka daɗe ba ka duba ba ba ka sani ba ko awa 14 ce ko 26. Don manhajar ta iya ƙirgawa daidai, bambancin ɗigo da maƙwabcinsa bai kamata ya wuce rubu'in tsawon igiyar ba, santimita 1.4 kenan tsakanin hoto da hoto. A Funu wurin da ya fi sauri yana kaiwa har mita 3 a shekara. Raba 300 da 365 ka ninka da 12, kusan santimita 10 a kowane zagaye. Ko mita 1 ce a shekara ta haura santimita 3. Ga kuma gidajen da ke karkacewa ana gyarawa ana sake rufi, surar wajen kanta na sauyawa. Dole rada ta rikice ta zubar da wajen, ko kuma mafi muni ta ba ka ƙaramin adadi mai kama da gaskiya. Da wani jami'i zai ɗauki taswirata ta farko ya yi aiki da ita, da ya kai agaji gefen da ke tafiya a hankali ya tsallake mutanen da ƙasa ta fi ja.

Akwai hanyoyin kamo irin wannan wuri. Ana rage tazarar kwanaki, shi ya sa mutuwar Sentinel-1B a Disambar 2021 ta yi ciwo, don da su biyu ne ana iya samun kwana 6 a wasu wurare, sai Disambar 2024 aka harba Sentinel-1C ya maye gurbin. Ana amfani da igiya mai tsawo, irin ta ALOS-2 na Japan ko NISAR na Amurka da Indiya da aka harba a Yulin 2025, kusan santimita 24, wadda ke jure gudu kuma tana ratsa ganye. Ko kuma a bar maganar zobe gaba ɗaya a koma bin sura, a ɗauki hoto mai kaifi na bana da na baɗi a ga rufin nan ɗigo nawa ya matsa, wannan ba ya ganin ƙaramar tafiya amma babba ba ta kuɓuce masa, kuma irinsa aka yi a zaftarewar Ikoma kusa da Bukavu. Masu binciken sun kuma yi aiki da hotunan COSMO-SkyMed na Italiya masu kaifi, waɗanda ba a sauke su haka nan kamar na Sentinel. Ni abin da ke hannuna shi ne ɗan'uwana da wayarsa, sai muka yi yarjejeniya, ina tura masa wuraren da suka fito fari yana zuwa in ya samu hali ya gaya min itace ne ko gida.

Bututun nan mai tsiyaya kuwa ashe shi ne zuciyar maganar. Abin da ke tura irin wannan tudu ruwan da ke cikin ƙasa ne, in ya cika ramukan ƙasa sai ya rage mata riƙo a can ƙasa inda take zamewa. A jadawalin da na fitar ma ana ganin layin na ƙara gangara bayan damina ta kankama ya lafa da rani, bai dai tsaya ba. Binciken 2022 ya nuna tafiyar mako-mako tana bin matsin ruwan cikin ƙasa, amma da suka duba shekara 70 sai suka ga wani babban ɓangare ya ƙara gudu ne sakamakon yadda gari ya mamaye tudun. Kwano ba ya shan ruwa, duk abin da ya sauka a rufi dubbai yana taruwa ya bi hanya da lambatu ya zube waje ɗaya, ƙasa ta motsa ta fasa bututu da magudana, ruwan ya shiga tsaga, ƙasa ta ƙara motsi ta ƙara fasa wasu. Girgizar ƙasa ma na yankin, an yi mai ƙarfin 5.9 ranar 3 ga Fabrairun 2008 wadda ta rusa gidaje a Bukavu, amma ruwan yau da kullum shi ne ke aikin ba dare ba rana.

Ni abin da ya fi damuna shi ne saurin da mutum ke yi ya ce to su tashi mana. Na faɗi haka ma a farko. Ɗan'uwana yace min garin ya cika ne tun 1994 da 'yan gudun hijira suka kwararo daga Ruwanda, sannan yaƙin 1996 da waɗanda suka biyo baya suka kori mutanen ƙauye zuwa birni, wanda ya zo ba shi da komai inda haya ta fi araha zai nufa, kuma kusa da babbar kasuwar Kadutu inda zai yi dako ko talla ya ci abinci. Sun fi kowa sanin ƙasar na tafiya, su ke rage ƙofa. Maganar goggona ce dai ta dawo. Shi ya sa nake ganin amfanin wannan awo ba wai a zana jan layi a kawo motar rusau ba ne, amfaninsa a san wane lambatu za a fara gyarawa, wane bututu za a ɗauke daga kan tsaga, ina ne bai kamata a ƙara gina makaranta ba, kuma a lura in wani yanki ya fara sauri fiye da yadda ya saba.

Na sake taswirar gaba ɗaya. Na cire matsakaicin gudun nan daga kundin. Wuraren fari na raba su biyu, waɗanda aka tabbatar ganye ne na bar su toka, waɗanda ke da gidaje kuma na ja musu layi-layi baƙi na rubuta a ƙasa cewa nan akwai mutane, rada ta kasa bin wajen, kuma hotunan ƙasa sun nuna yana tafiya. Malam ya karanta yace wannan shafin shi ne kundin, sauran duk share fage ne, ya kuma ce sai yanzu zan iya tunanin gwada Yawunde ko Bafusam a Kamaru.

A Fabrairun 2025 mayaƙan ƙungiyar 'yan tawaye ta M23 suka shiga Bukavu. Saƙonnina suka tsaya a alama ɗaya, sati biyu ba labari, ni kuma ina buɗe shafin ina ganin sababbin hotunan garin na shigowa a kan lokacinsu, na sauke biyu na kasa aiki da su. Ranar da ya dawo layi gajeren saƙo ya turo, yace suna raye, sun kwana biyu ba fita, makaranta a rufe, bankuna a rufe. Nace Allah ya kiyaye ku ɗan'uwa, ka bar maganar aiki tukuna. Bayan wata ɗaya da wani abu sai ga hoto ya shigo, ƙofar nan ce dai, an sake fere ta, ɓawon katakon na zube a kan laka, ya rubuta kwanan wata a ƙasa yace in saka a jadawalin.